Safar Hannun da Ta Tona Cikin Kwandona

Tumatir nake nomawa, kuma ni nake cika kwandona da hannuna. Ban taɓa barin wani ya cika mini ba. Mutane suna cewa tsabar son aiki ne, ni kuwa ban taɓa musa musu ba.

Gonata tana gefen kanal ɗin ban ruwa, tsakanin Kura da Bunkure, ba ta kai eka ɗaya ba. Da ta fi haka. Shekarar da tsutsa ta cinye tumatir ɗin yankinmu har ganye, na sayar da rabi muka ci da iyalina, na riƙe rabi. A shekarar nan na koyi cin abinci sau ɗaya a yini, a cikinta kuma na koyi cika kwando.

Kowa ya san kwando yana da fuska. Manya, jajaye, masu sheƙi, su ake jerawa a sama. Wannan a wurinmu kwalliya ce, mai saye ma ya sani. Shi ya sa yake zura hannu ta gefe har gwiwar hannu ya laluba, ko ya ɗaga kwandon ya duba ko gindinsa yana ɗiga. Yawancin manoma a ƙasa suke zuba masu laushi, nauyi ya danne su, ruwa ya tona asiri tun ba a gama ciniki ba. Ni sai in shimfiɗa masu tauri a ƙasa, in gina bango da su a zagaye, in bar rami a tsakiya kamar sheƙar kaza. A nan nake kwantar da waɗanda kwana ɗaya ya rage musu a duniya, ɗaya bayan ɗaya, a hankali. Sannan in rufe su da masu tauri, su jingina da juna yadda nauyin zai tafi bango. Kwandon zai kwana biyu bai zubar da ko ɗigo ba. A na uku yana hanyar Kudu a cikin tirela, ya cuɗe da sauran, ba mai sanin na wane ne.

Akwai wani Alhaji mai kai tumatir Kudu, shi ke sayen nawa. Na kowa sai ya sa an juye kwando ɗaya ko biyu a kan tamfol an duba, amma ni ba ya juye nawa. Ya zura hannu shekarar farko, ya zura ta biyu, bai sami komai ba, ya daina. Lokacin da tumatir ya yi yawa, manoma suna zubar da shi a bakin titi, ni nawa yana hawa mota. Da wannan yardar nake ciyar da gidana. In ta tafi, ba ni da wata.

Wani rani shugaban ƙungiyarmu ta manoma ya aiko a kira mu, mu shida, wai an zo daga jami'a ana neman hannun da ya san tumatir. Muka tarar da wata mata injiniya, doguwa, da takalmin roba irin namu, da abokin aikinta mai gemu wanda ba ya ɗaga kai daga kwamfuta. Ta fito da wata baƙar safar hannu, wayoyi sirara sun bi bayan kowane yatsa kamar jijiya. Ta ce a kan kowane yatsa akwai abin da ke jin yadda ka danna da yadda tumatir ya amsa, sai ya gaya wa kwamfuta. Daga baya mai koyo zai sa wani tabarau ya ga gona, ya sa wata safar ya ji tumatir a hannunsa, alhali yana zaune a ɗaki. Da haka za a koya wa masu tsince tumatir aiki ba tare da an lalata ko guda ba.

A cikinmu shida akwai taubashina, ɗan kawuna. Tun muna yara yake kirana bawansa, kuma bai gaji ba. Bakinsa ya fi gonarsa faɗi.

Ya ce, “Malama, kada ki wahalar da kanki. Ga hannu nan. Wancan da kike kallo bawana ne, jaki kawai yake kora mini.”

Na ce, “Jakin da na kora shekara hamsin, ga shi yana magana.”

Aka ɗaure mana ido da tawul ɗaya bayan ɗaya, aka sa mana safar, aka ajiye daro cike da tumatir a gaba, aka ce mu raba mai tauri da mai laushi. Taubashina ya matse biyu har suka fashe, ya ce laifin safar ne. Ni na gama nawa na cire tawul. Mai gemu ya ɗaga kai karon farko ya kalle ni. Ni aka zaɓa.

Washegari da safe suka zo gonata. Bayan safar, injiniya ta ɗaura mini wani abu kamar agogo a wuyan hannu, wani a damtse, da 'yar kyamara a goshi da madaurin roba. Na zama kamar doki ranar kasuwa. Ta ce, “Baba, ka yi aikinka yadda ka saba. Ka manta da mu.”

Ni kuwa tun daga gida na yi niyya. Na ce yau kwandon gaskiya zan cika, masu laushi gefe, masu tauri ciki. Haka na fara. Sai ta tsuguna kusa da ni tana tambayata zancen ruwa, yadda na ƙarshen kanal suke kwana uku ba su gan shi ba, da wanda ke toshe musu. Wannan magana ce da ke ci mini rai. Na shiga ba ta labari, ni da ba na dogon zance. Ina cikin kwando na uku na duba ƙasa, na ga sheƙa ta haɗu tsaf, hannuna yana kwantar da wani luguɓaɓɓe a tsakiyarta kamar jariri. Bai nemi shawarata ba. Biyun farko ma haka ya yi musu.

Na ce a raina, kyamara ja kawai take gani, ja kuwa ja ne. Na ci gaba, na cika biyar. Da yamma Alhaji ya saye su bai juye ba.

Bayan 'yan makonni injiniya ta dawo. Ta same ni ina ban ruwa, ta ce ni zan fara gani tunda hannuna ne. Muka zauna a ƙarƙashin mangwaron bakin gona. Tabaraun kamar ƙaramin akwati yake, ya rufe fuska tun daga goshi har hanci. Da ta sa mini, sai duniya ta ɗauke, wata ta zo. Ga gonata, ga kunyoyin, ga kwando a gabana, ga baƙaƙen hannaye biyu suna aiki. Ta sa mini safar, wannan ta fi waccan kauri. Hannun cikin tabarau ya ɗauki tumatir, sai na ji shi a yatsuna, da taurinsa, da santsinsa. Na buɗe tafina na rufe, ba komai a ciki, amma ina jinsa. Na yi salati.

Sai hannun ya ɗauko wani, na ji yatsuna sun nutse a cikinsa. Kuma ba ji kawai ba. Sun sa wa kowane mai laushi launin rawaya. Kwandon ma sun mayar da shi kamar gilashi, ana ganin cikinsa. Ja a ƙasa, ja a gefe, ja a sama, ga rawaya a tsakiya dunƙule guda kamar gwaiduwar ƙwai.

Na cire tabaraun. Tana kallona.

Ta ce, “Baba, me ya sa masu laushin suke tafiya tsakiya?”

Na ce, “Sanyi suke ji.”

Ta yi dariya har ta dafa ƙasa. Ba wawuya ba ce. Ta ce mai gemu ya kwana biyu yana zaton na'urar ce ta lalace, don bai taɓa ganin gini irin wannan ba. Sannan ta ce jibi za su nuna wa mutane a rumfar ƙungiya, kuma shugaba ya gayyato Alhaji a matsayin babban baƙo.

Na ce, “'Yata, goge shi.”

Ta ce ba za ta iya ba, shi ne aikinsu na rani guda, kuma ba su da wani hannu mai jin tumatir kamarsa. Amma dokar aikinsu ce ba sa faɗin sunan kowa, fuskata kuma ba ta fito ba. Ko an tambaye ta hannun wa ne, ba za ta faɗa ba.

Na ce, “Ko an rantsar da ke?”

Ta ce, “Ko an rantsar da ni.”

Amma duk ƙauyen sun san ni aka zaɓa. Sai na tafi neman taubashina. Na same shi a teburin mai shayi yana tsoma burodi. Na zauna na ɓata rai, na ƙi magana, har ya gaji ya tambaya.

Na ce, “Wahalar banza na yi. Nawa bai ɗauku ba, wai gumi ya shiga wayoyin. Naka suka ɗauka, na ranar gwaji, suka gyara.”

Ya ajiye kofin. Ya ce, “Nawa?”

“Naka. Amma don Allah kada ka gaya wa kowa, ka rufa mini asiri.”

Ya ce, “Haba bawana, ni da kai?”

Kafin la'asar har matan da ke surfe sun ji. Ya sayi sabuwar hula. Ko tambayar yadda daro ya zama kwando bai yi ba.

Ranar nuni rumfar ta cika, wasu a kan benci, wasu a tsaye. Aka ja waya daga janareta, aka ajiye talabijin babba don jama'a su ga abin da mai tabarau yake gani. Ni na zauna can baya kusa da buhunan taki. Taubashina yana layin gaba, ya ɗora hannunsa na dama a kan gwiwa yadda kowa zai gani.

Alhaji ya cire hula aka sa masa tabarau da safa. Da farko ya yi ta dariya, yana miƙa hannu yana cafkar iska, yana cewa, “Ikon Allah! Wallahi ga shi nan a hannuna!” Jama'a suna ta shewa. Sai rawayan farko ya shiga tsakiya, na biyu ya bi shi. Dariyar Alhaji ta tsaya. Yatsunsa suna motsi a hankali, ina ganin yadda yake jin kowane luguɓaɓɓe yana kwanciya. Aka rufe sheƙar, aka jera fuska. A talabijin kwandon ya fito jawur, gwanin kyau, da gwaiduwarsa a ciki.  Wani tsoho a gabana ya ce a hankali, “Kai, wannan ya iya.”

Alhaji ya cire tabaraun ya goge ido. Ya ce wa injiniya, “Hannun wa ne?”

Ta ce, “Alhaji, ba ma faɗa.”

Taubashina ya miƙe. Ko dai bai gane abin da ya gani ba, ko kuma hular ce ta hana shi komawa baya. Ya ce, “Ai ba sai an ɓoye ba, ranka ya daɗe. Nawa ne.”

Na sunkuyar da kai ina jiran a fara yi masa wankin babban bargo. Har na fara tausayinsa kaɗan, ba da yawa ba.

Alhaji ya ce, “Alhamdu lillahi. Shekara da shekaru kayana suna isa Kudu da ruɓa a ciki, na rasa ta inda take shiga. Na zura hannu, na duba gindi, ban gani ba. Mai wannan hannun ya san inda ake ɓoye abu. Daga gobe shi zai tsaya a bakin motata, kowane kwando sai ya bi ta hannunsa, har ƙarshen rani, da kowane rani in muna raye. Sallamarsa kullum, da abincin rana.”

Rumfar ta ɗauki hayaniya. Aiki ne na inuwa, a kan kujera, ga shi ba ruwansa da tsutsa ko faɗuwar kasuwa. Ni gwiwoyina sun fara ciwo tun bara.  Na ce wa kaina, yi shiru, kwandonka ya tsira, abin da ka zo nema ke nan. 

Sai taubashina ya waiwayo, ya nemo ni har bayan rumfa da ido, ya ɗaga murya ya ce, “Bawana, ka ji ko? Gobe da naka zan fara. Kuma ka zo da wuri, ka goge mini kujera.”

Jama'a suka fashe da dariya. Ban san sanda na miƙe ba.

Na ce, “Ƙarya yake. Wannan hannun ko tuwo bai iya mulmulawa ba.”

Alhaji ya ce, “To, na wa ne?”

Na ce, “A gwada.”

Injiniya ta dube ni, ta ɗan girgiza kai, irin na kada ka yi. Na kau da ido. Ta ce to, akwai yadda ake koyar da mai koyo. Zai sa tabarau da safa ya cika kwandon da kansa. In ya bi yadda hannun ya yi, safar za ta yi shiru. In ya kauce, za ta yi masa karkarwa a yatsu kamar waya in an kashe mata ƙara.

Aka sa wa taubashina. Ya ɗauki na farko ya jefa, safar ta ce zirr. Ya zabura. Ya ɗauki mai laushi ya tura ƙasa, ta sake. Ya gwada gefe, ta sake. Tun yana daurewa har ya fara yarfe hannu yana tsalle a kan benci kamar wanda ya kamo kifin minjirya, yana ihu, “Malama, tana ja na! Kashe ta, tana da aljanu!” Sabuwar hular ta faɗi, wani ya taka ta. Da aka cire masa tabaraun ya ce an yi masa asiri ne, kuma ya san wanda ya yi.

Na fito gaba aka sa mini. Ban yi tunanin komai ba, na bar hannun ya yi abinsa. Ƙasa, bango, sheƙa, rufi, fuska. Safar ba ta motsa ba ko sau ɗaya. Mai gemu ya ce, “Subhanallahi,” kamar wanda ya ga abin kirki. Da na cire tabaraun, na ga idon kowa a kaina. A nan na tuna abin da na zo ɓoyewa.

Alhaji yana zaune ya harɗe hannu. Ya ce, “Malam, tun da aka sa mini abin nan na ga mangwaronka da karyayyen kwalbatin bakin gonarka. Sau nawa na tsaya a wurin da mota? So nake ka faɗa da bakinka.”

Na miƙa wa injiniya tabaraun.

Ya ce, “Tun yaushe?”

Na ce, “Tun shekarar tsutsa.”

“Kowane kwando?”

“Ban da ranar Juma'a.”

Wani ya tuntsire da dariya a baya, aka yi masa tsawa. Gaskiya ce kuwa, ranar Juma'a ba na yi. Alhaji ya daɗe yana kallona. Ban sunkuyar da kai ba, ban kuma ba shi haƙuri a gaban mutane ba. Sai da yamma na same shi shi kaɗai a bakin mota na ce ya yafe mini. Ya ce zai duba. Sai da rani ya kusa ƙarewa ya ce ya yafe.

A rumfar dai abin da ya yanke shi ne, maganar aiki tana nan, tunda ya faɗa a gaban jama'a ba zai janye ba, ni zan tsaya a bakin motarsa. Amma kwandona, daga ranar, ba ɗaya ba, ba biyu ba, duka sai an juye a kan tamfol. Ya ce kuma tunda ba zan duba kaina ba, yana neman wanda zai ɗauki wannan aikin, sai dai babu ko sisi a ciki.

Taubashina yana kakkaɓe hularsa ya ce, “Ranka ya daɗe, ni ko biya aka ce in yi, zan biya.”

Haka muke har yau. Ina zaune a bakin motar Alhaji, ba na zura hannu ta gefe, tsakiya nake nufa. A makon farko na kama mutum huɗu da suka kalli talabijin ɗin nan da kyau suka je suka gwada gina sheƙa. Ginin nasu bai yi kyau ba, na gaya musu. Wasu sun daina gaishe ni, wasu kuma suna kawo mini goro, ina ci, ina juye kwandonsu.

Nawa kuwa, taubashina ba ya makara. Tun kafin in sauke daga kan babur yana tsaye da tamfol ɗinsa a kafaɗa. Ya juye, ya tsuguna, ya bi su ɗaya bayan ɗaya yana latsawa, yana kiran mutane su zo su shaida. Bai taɓa samun mai laushi ba, don yanzu gida nake kai su, iyalina su yanka mu shanya kauɗa. Amma da yake har yanzu bai iya taɓa tumatir ba, kullum sai ya fasa mini uku ko huɗu da yatsa, ya ɗaga su sama ya ce, “Alhaji, ga su nan, na kama bawana.” Alhaji ya ce a cire su daga kwandon, in cika da wasu. Ni kuma in cika.